Me ya sa inji ke ƙin lafiya bayan an canza gaskit ɗin manifol?

Duk shekara idan hunturu ya kankama a Zariya, daga Disamba zuwa ƙarshen Janairu, ba a rasa motoci a garejojin Sabon Gari da Kwangila da Tudun Wada masu ciwo iri ɗaya. Da asuba a tayar da mota tana kakkarwa, silonta, wato juyin inji a tsaye ba a taka totur ba, yana hawa yana sauka, wutar cek injin ta kama, amma da hantsi ya dubi ludayi inji ya ɗauki zafi sai ta daidaita kamar ba ita ba. Sau da yawa hukuncin da makanike ke yankewa daidai ne, wato gaskit ɗin manifol ya gaji. Abin da ya dame ni shi ne abin da kan biyo bayan gyaran, domin akwai masu motar da ke biyan kuɗin aiki su fita da ciwon da suka shigo da shi, wasu ma da wanda ya fi shi, daga nan kuma a shiga sayen fulogi da kwayil da nozul da famfon mai ɗaya bayan ɗaya, alhali cutar tana nan a daidai wurin da hannu ya taɓa jiya.

Ya kamata a fara raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Wanda ake kira top gaskit shi ne ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, yana tare wutar ƙonewa da ruwa da baƙin mai, kuma canza shi babban aiki ne. Gaskit ɗin manifol kuwa yana gefe ne, tsakanin kan inji da manifol, wato bututun nan masu rassa da ke raba iska zuwa kowace silinda. A yawancin injuna masu silinda 4 aikinsa ɗaya ne kacal: ya hana iskar waje shiga ta inda ba a auna ta ba. Na ga mutanen da aka buɗe wa kan inji gaba ɗaya saboda matsalar da ba ta wuce ta wannan siririyar roba ba, kuma irin wannan asarar tana farawa ne daga rashin bambance sunayen biyu.

Dalilin da ya sa 'yar ƙaramar kafa ke tayar da hankalin inji yana cikin lissafin ƙonewa. Injin fetur yana son kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi. A motoci irin su Corolla da Camry akwai sensa a bayan matatar iska da ke auna duk iskar da ta wuce, ta sanar da ƙwaƙwalwar inji, ita kuma ta umarci nozul ya fesa man da ya dace da wannan adadin. Idan mota tana silo, ƙofar totur a rufe take kusan ruf, fistin kuma suna ta zuƙa, don haka cikin manifol akwai ja mai ƙarfi, kuma duk wata kafa da ke tsakanin ƙofar totur da kan inji za ta tsotso iskar da sensa ba ta ƙirga ba. Sai iska ta rinjayi mai, wuta ta yi rauni, inji ya riƙa misin, wato wata silinda tana tsallake wuta. Da an taka totur ƙofa ta buɗe, jan ya ragu, iskar satar ta zama kaɗan a cikin mai yawa, sai mota ta tafi lafiya lau. Wannan ne ya sa direba kan ce motarsa ba ta da laifi a kan hanyar Kaduna amma tana neman mutuwa a cunkoson PZ da ke cikin Sabon Gari. Tsofaffin Honda, irin Accord da Civic na shekarun 1990, ba su da waccan sensar, ƙarfin jan cikin manifol suke aunawa, saboda haka kafa a wurinsu ta fi nuna kanta ta hanyar silo mai sama, ko mai hawa da sauka a kai a kai.

Injin 1ZZ-FE da ke cikin Corolla ta 2003 zuwa 2008, da Matrix da Pontiac Vibe na wannan zamanin, ya yi suna da wannan lalura. Manifol ɗinsa na roba ne mai tauri, gaskit ɗin kuma wata siririyar roba ce da ke zama cikin kwarmi, wadda shekaru da zafi ke busar da ita ta shafe, sanyi kuma ya ƙara tsuke ta. Toyota da kanta ta sauya baƙar robar farko da wata mai launin ruwan lemo da ta fi jure sanyi. Sanyin asubar Zariya bai kai na ƙasashen da aka fara gano matsalar ba, amma ya isa ya tona asirin robar da ta kusa shekara 20 tana aiki.

To, an canza, mota kuma ba ta warke ba. A ganina tambayar farko da ya kamata a yi ita ce: wannan ciwon shi ne na da, ko sabo ne? Idan sabo ne, wato alamar da babu ita kafin a kwance, to kusan tabbas tana cikin abubuwan da aka cire aka mayar, kuma babu hikima a zargi famfon man da ya yi aiki lafiya har zuwa safiyar da aka shiga gareji. Kafin manifol ya fita sai an zare tiyo da yawa, an cire soket na wayoyi, an kwance ƙofar totur, a wasu motocin har da layin nozul. Kowanne daga cikin waɗannan wuri ne da kuskure zai iya maƙalewa.

Tiyo su ne suka fi yawan laifi. Robar da ta sha zafin inji da ranar Maris da Afrilu shekara da shekaru takan ƙandare, kuma da an murɗa ta don a cire sai ta tsage ta ƙasa, inda ido ba ya gani. Akwai tiyon da ke kwaso tururin baƙin mai daga murfin inji zuwa manifol, akwai wanda ke kawo tururin tankin fetur, akwai kuma babban da ke zuwa ga baƙin gangan nan na bayan fedar birki, wanda ake kira busta. Wannan na ƙarshen ya shafi rai, domin jan manifol ne ke sauƙaƙa wa ƙafa taka birki. Duk wanda ya karɓi motarsa ya ji birki ya yi tauri kamar dutse, ko ya ji huci idan ya taka, kada ya hau titi da ita, ya koma a duba wannan tiyon tun a ƙofar gareji. Haka nan babban bututun da ke tsakanin matatar iska da ƙofar totur, mai lanƙwasa kamar zugazugi, yakan tsage a cikin ninkinsa, ko a manta ba a ɗaure ƙarfen bakinsa ba.

Ni kaina na biya kuɗin wannan darasi da Corolla ta. An canza mini gaskit a wani gareji, na dawo bayan kwana biyu saboda silo ya ƙi zama, sai mai garejin ya ce, "Malam, ai gaskit mun gama da shi, yanzu fulogi ne." Na saya, ba ta canza ba. Aka ce nozul, aka wanke. Sai a karo na uku wani dattijon makanike da ke maƙwabtaka da su ya ɗauki guntun tiyo, ya kafa baki ɗaya a kunnensa, yana bin jikin manifol da ɗaya bakin, har ya tsaya ya ce, "Ranka ya daɗe, zo ka ji da kunnenka." Wani ɗan siririn tiyo ne ya tsage a ƙasa yana shewa. Ban riƙe mai garejin da mugun nufi ba, abin da ya same shi shi ne ya riga ya gamsu cewa aikin hannunsa ba shi da aibi, sai ya tafi neman laifi a wani wuri.

Bayan tiyo sai wayoyi. Soket da ba ta shiga har ta ce ƙas ba takan yi aiki a gareji ta saki a kan gargadar hanya. Haƙorin robar da ke riƙe ta yakan karye a hannun yaron gareji, a mayar da ita haka nan. A wasu injuna akwai wayar as, wato mai mayar da wuta jikin mota, da ake ɗaurewa a jikin manifol ko kusa da shi, kuma idan aka manta da ita alamomin da ke fitowa ba sa kama da juna, yau misin, gobe mota ta ƙi tashi. Idan an ɗaga layin nozul, kowanne yana da zoben roba sama da ƙasa: na ƙasa idan ya yage iska ce za ta shiga, na sama kuwa fetur ne zai fito a kan inji mai zafi. Warin ɗanyen fetur bayan irin wannan aiki dalili ne na kashe mota nan take.

Sai kuma zaman gaskit ɗin kansa, wanda a nan ne na fi ganin sakaci. Gaskit na roba mai zama cikin kwarmi ba ya buƙatar gam, an ƙera shi ne ya toshe da matsi kawai. Al'adar shafa gam a kan komai tana jawo ɓarna ta fuska uku: yana sa robar ta zame daga kwarminta yayin ɗauri, fetur yana cin sa da sannu ya bar kafa, abin da ya tsattsafo ta ciki kuma inji ya haɗiye shi, wani nau'in ma tururinsa yana kashe sensar da ke jikin salansa. Fuskar kan inji dole ta fita tas daga ragowar tsohon gaskit, amma ba da dutsen wasa ko sanfefa mai kaushi ba, domin alminiyam ne mai laushi, kuma garin yashin da ya zube ciki yana iya kai wa ga baƙin mai ya cinye metal, wato ƙarafan da babbar sandar inji ke juyawa a kansu. Ɗaurin notuna ana fara shi ne daga tsakiya a nufi gefe, a zagaya sau biyu ko uku ana ƙara ƙarfi kaɗan-kaɗan, har a kai awon da kamfani ya ƙayyade, wanda a 1ZZ-FE Nm 30 ne. Wannan ƙarfi ne matsakaici, kuma sifana mai awo kaɗai ke tabbatar da shi. Wanda ya ɗaure gefe ɗaya tamau kafin ɗaya, ko ya sa dogon ƙarfe ya danna da dukan ƙarfinsa, zai iya lanƙwasa manifol na roba ko ya tsaga kunnensa, kuma daga nan ko gaskit goma aka canza ba zai toshe ba. Akan kuma samu waya ko ƙarfen maƙale wani abu ya shiga tsakanin fuskokin biyu ba a lura ba. Ingancin kayan ma abin dubawa ne, domin a kasuwa akwai robar da kwalinta ya yi kama da na asali amma kaurinta bai kai ba.

Yadda za a tabbatar da kafa ba tare da canke ba yana da hanyoyi da dama, kuma ba dukansu ke da aminci ɗaya ba. Sauraro da tiyo shi ne mafi arha. Wasu kan fesa maganin wanke kafireta a bakin haɗin su saurari ko sautin inji zai canza, hanyar tana aiki amma tana iya tayar da gobara, don haka fesa ruwa a kan inji mai sanyi ya fi kwanciyar hankali, tunda shi ma yakan toshe kafar na ɗan lokaci sauti ya sauya. Mafi inganci shi ne hura hayaƙi cikin manifol da inji a kashe, a ga inda zai ɓullo. Mai agogon auna ja zai ga lafiyayyen inji yana ba da inci 17 zuwa 21 a silo, allura a tsaye cak, sai dai wannan awon na bakin teku ne. Zariya tana kan tudun da ya haura mita 600, saboda haka abin da agogo zai nuna a nan yakan yi ƙasa da kusan inci 2, kuma bai kamata a ɗauki wannan ragin a matsayin cuta ba.

Kwamfutar sikanin ita ce ta fi kowa bayani idan an san abin da za a tambaye ta. Motocin da aka sayar a Amurka tun daga 1996 duk suna da soket ɗin OBD-II, kuma akwai su da yawa cikin tokunbo da ke yawo a garin nan. Lamba P0171 tana nufin iska ta rinjayi mai, P0174 kuma haka ne a ɗaya ɓangaren injin V6. P0300 misin ne da bai tsaya a silinda ɗaya ba, P0301 zuwa P0306 suna nuna silindar da abin ya shafa, P0507 kuma silo ne da ya wuce ƙa'ida. Sai dai lamba alama ce kawai, ba ta ce a sayi kaza ba, kuma goge ta ba magani ba ne. Abin da ya fi lamba amfani shi ne adadin man da ƙwaƙwalwa ke ƙarawa don ta cike giɓi, wanda kwamfuta ke nunawa kashi cikin 100 yayin da inji ke aiki. Lafiyayyen inji yana zama kusa da sifili. Idan ƙarin ya haura kashi 10 a silo, sannan aka riƙe totur a juyi 2,500 a minti ɗaya ya sauko, to iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya. Idan kuwa a silo yana daidai amma yana hawa da an ƙara wuta, to mai ne ba ya isa ko sensar iska ta yi datti, kuma a nan ne zargin famfon mai ko matatarsa yake da hujja. Wannan gwajin bai wuce minti 5 ba, kuma shi ne ke nuna ko tun farko gaskit ne ke da laifi. Ƙurar hunturu da ke bi ta matatar iska mara kyau ta lulluɓe sensa tana haifar da P0171 ita ma, kuma wanda aka canza wa gaskit a kan wannan dalilin zai fita da ciwonsa yadda ya shigo.

Injunan V6 suna da nasu ƙarin nauyi. A 1MZ-FE da 3MZ-FE na Sienna da Camry da Lexus, manifol hawa biyu ne, na sama da na ƙasa, kowanne da gaskit ɗinsa, kuma a kwarin da ke ƙarƙashinsu akwai tiyon ruwa da sensa biyu masu sauraron ƙarar ƙonewa. Wayarsu takan bushe da zafi har ta karye da an taɓa ta, sai P0325 ko P0330 ta fito bayan aiki, ƙwaƙwalwa ta ja da lokacin wuta baya, mota ta yi nauyi a hawa tana shan mai. Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023 babu mai motar da zai raina irin wannan shan. Mai hankali yakan canza wannan wayar da tiyon ruwan tun manifol yana waje, domin komawa gare su yana nufin sake kwance komai.

Inda ruwa ya shiga maganar, gaggawa ta wajaba. A injunan da ruwan sanyaya ke ratsa manifol, gaskit da bai zauna ba yana iya zubar da ruwa waje, ko cikin silinda, ko cikin baƙin mai. Alamomin su ne lagireto yana neman ƙari kullum ba a ga inda yake ɗiga ba, farin hayaƙi mai kauri da bai ɗauke ba bayan inji ya yi zafi, ko baƙin mai ya koma kalar shayi da madara. Wanda ya ga wannan na ƙarshen ya kashe mota, domin mai da ya gauraya da ruwa ba ya kare metal, kuma tafiya kaɗan ta isa ta kashe inji. Idan kuma ruwa ya taru a silinda cikin dare, murɗa maƙulli da safe zai iya lanƙwasa sandar fistin, tunda ruwa ba ya matsuwa. Famfon gwaji da ake ɗaurawa a bakin lagireto, a hura zuwa awon da ke rubuce a murfinsa, galibi 0.9 zuwa 1.1, shi ke nuna ko akwai yoyo. Ko a injin da manifol ɗinsa busasshe ne, ƙofar totur takan sami ƙananan tiyon ruwa biyu, kuma cire su yana shigar da iska cikin hanyar ruwa. Idan ba a fitar da wannan iskar ba, allurar zafi za ta riƙa wasa, a tsofaffin Honda kuma silo ya riƙa hawa da sauka kamar dai akwai kafa. Ɗabi'ar zuba ruwan rijiya zalla da cire tamostat tana ƙara dagula ganewa, domin tsatsa tana cin fuskar da gaskit zai zauna, inji kuma ba ya kai zafin da ƙwaƙwalwa ke jira kafin awonta ya zama abin dogaro.

Mafi munin abin da kan faru shi ne wani abu ya faɗa cikin ramukan kan inji yayin da suke buɗe, ko noti, ko washa, ko tsumman da aka toshe ramin da shi aka manta. Ƙarar ƙarfe mai bugawa da ta fara daga tashin farko bayan aiki ba abin da za a ce bari a gani ba ne. A kashe, a cire fulogi, a leƙa, a auna matsin kowace silinda.

Akwai kuma halin da ba laifin kowa ba ne. Idan an cire kan batir, ƙwaƙwalwa takan manta abin da ta koya, idan kuma an wanke ƙofar totur to iskar da ke wucewa ta fi wadda ta saba da ita, sai silo ya tsaya sama da juyi 600 zuwa 800 da aka sani. Toyota yawanci takan daidaita da kanta bayan an bar ta ta yi zafi an yi 'yan tafiye-tafiye, Nissan da dama kuwa sai an bi matakan koya mata silo, da hannu ko da kwamfuta. Kada a taɓa sukurun da ke tsayar da ƙofar totur don a saukar da silo, kamfani ne ya saita shi. Amma wannan uzurin yana da iyaka: wutar cek injin da ke ƙiftawa tana nufin misin mai tsanani da ke tura ɗanyen mai cikin salansa yana ƙona matatar hayaƙi, kuma wannan ba ya cikin abin da ake jira ya wuce.

Tunda ciwon asali da sanyi yake bayyana, gwajin da aka yi da azahar a kan inji mai zafi ba ya tabbatar da an warke. Abin da nake yi yanzu shi ne in bar motar ta kwana a gareji, in zo bayan sallar asuba a tayar da ita a gabana da kwamfuta a jone, mu kalli silo da adadin ƙarin mai tun tana sanyi har fanka ta kama. Daga nan mu fita ta Kwangila mu miƙa hanyar Kano mu dawo, a sake duba ruwa da baƙin mai, a taka birki a tsaye a ji laushinsa, sannan in biya cikon kuɗin aiki.